Daga Bakin Mudu Zuwa Maɗaba'a: Yadda Labaran Kasuwa Suka Zama Littafin Tunatarwa

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa a Dawanau, kuma karatuna na boko bai wuce sakandare ba. Na addini kuwa, irin na tsakanin Magariba da Isha ne, yau ka je gobe kasuwa ta riƙe ka. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka malami ne ke magana. Tun da ɗan littafina na tunatarwa ya fito, mutane da dama, musamman matasa masu rubuta nasiha a waya, suke tambayata ta ina na bi. Na gaji da maimaitawa a bakin shago, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan.

Abin ya faro ne da kakar 2021. Wata tsohuwa ta sayi gero tiya biyu a wurina, yaron shagona ya yi kuskure ya ba ta canji ya haura da naira ɗari biyu. Mu ba mu ma lura ba. Bayan kwana uku sai ga ta da rana tsaka, ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin a nannaɗe, ta ce, "Ɗan nan, wannan ba haƙƙina ba ne." Da na tambaye ta daga ina take, na lissafa kuɗin motarta zuwa da komawa, sai na ga ya ninka abin da ta dawo da shi. Na ce mata, "Iya, ai da kin riƙe, na yafe." Ta ce ai ba ta san zan yafe ba sai da ta zo. A daren nan na kasa barci. Na jawo littafin da nake rubuta bashi, na juya bayansa, na rubuta abin da ya faru, a ƙarƙashi na ƙara layi huɗu ko biyar kan amana. Daga nan ya zame mini al'ada. Ɗan dako ya ajiye buhu ya tsaya sallah alhali mota na jiransa, in rubuta. Ɗan kamasho ya yi rantsuwa sau bakwai a kan buhun wake ɗaya, in rubuta. Har bayan littafin bashin ya cika na sayi wani na musamman.

Da azumin 2022 ya kama, na riƙa tura guda ɗaya kullum bayan sahur a zauren WhatsApp na 'yan layinmu. Kafin Sallah an yi ta yaɗa su, wasu har suna dawo mini daga bakin mutanen da ban sani ba, an cire sunana an sa "an ciro". Abokai suka fara cewa a yi littafi. Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Na tattara guda 41, na sa ɗana ya kwafe su da rubutu mai kyau, niyyata in wuce maɗaba'a kai tsaye. Uwargida ce ta tare ni. Ta ce, "Alhaji, ayoyi ne fa da hadisai a ciki. Ko kunu aka dama ana ba wani ya ɗanɗana kafin a kai wa baƙo." Don haka na ɗauki littafin na kai wa malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa a masallacin unguwa.

Ya karɓa, ya ɗan bubbuɗa, ya ce in bar shi. Na zaci sati ɗaya. Sati biyar ya yi, ni kuma kunya ta hana ni tambaya, sai dai in zauna a sahun gaba bayan karatu in yi ta gyaran murya. Ranar da ya kira ni zaure bayan Isha, da na ga littafin gabana ya faɗi, don babu shafin da jan biro bai taɓa ba. Ya fara da hadisai. Na kawo "tsafta tana daga imani" a labarin wani mai sayar da abinci, ya ce wannan lafazin bai tabbata daga Annabi (SAW) ba, wanda ya inganta shi ne na Sahihu Muslim, cewa tsarki rabin imani ne. Na kawo "ku nemi ilimi ko a birnin Sin ne", ya ce malaman hadisi sun raunana shi ƙwarai, wasu ma sun ce ƙirƙirarre ne. "Son ƙasa yana daga imani" kuwa ya ja masa layi biyu. Addu'ar shiga kasuwa ya ce tana cikin Tirmizi, amma malamai sun yi saɓani kan ingancinta, don haka in zan kawo ta in faɗi hakan. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai duk a wa'azi na ji su." Ya ce, "Alhaji, wanda ya faɗa a wa'azi iska ta ɗauke. Kai bugawa za ka yi kwafi dubu, jikanka ya karanta ya ce Annabi ne ya faɗa." Ya tuna mini hadisin da ke gargaɗin wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta. Cikin hadisai 29 da na kawo, 8 suka fita gaba ɗaya, sauran kuma ya sa na rubuta littafin da kowanne yake ciki.

Ayoyi ma ban tsira ba. Ashe da ka nake fassara su, yadda na ji a tafsirin azumi, in haɗa da nawa bayanin ba tare da na raba ba. Ya ɗauko tarjamar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga kan kanta, ya ce kowace aya in duba ta a nan, in sa sunan sura da lambar aya, in rufe maganar Allah tukuna kafin in buɗe tawa. Wannan kaɗai ya ci mini sati uku, don da yawa na san ayar amma ban san surarta ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Akwai labarin da na fi ji da shi, na wani maƙwabcina a kasuwa da ke zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu ya rufe da sabo a sama. Na haɗa shi da hadisin nan na Muslim, inda Annabi (SAW) ya wuce wani mai tsibin abinci, ya tura hannunsa ciki ya ji danshi, ya ce wanda ya yi algushu ba ya tare da ni. A ganina babu labarin da ya kai shi dacewa. Ban ambaci suna ba, na dai ce "wani mai jar dara da ke kusa da famfo". Malam ya karanta shi da ƙarfi, ya cire tabarau, ya ce, "Ka sakaya sunansa, ka bar masa hularsa. Mutum nawa ne masu jar dara kusa da famfo a layinku?" Na yi shiru. Ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, haka Annabi ya fassara ta, kuma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. Ya tambaye ni ko na taɓa jan mutumin gefe na yi masa nasiha. Ban taɓa ba. Na dai tura labarinsa ga mutum sama da ɗari a cikin azumi.

Sai ya yi tambayar da har yau take min yawo. Ya ce ya karanta labari 41, ya ga masu tauye mudu, ya ga masu rantsuwar ƙarya, ya ga masu cin bashi su gudu, kuma a kowane labari ni ina gefe ina kallo ina girgiza kai. "Alhaji, shekara nawa kana awo?" Na ce ashirin da biyu. Ya ce, "A cikinsu duka ba ka taɓa tauye wa kowa ba?"

Na koma gida ban ci tuwo ba. Gaskiyar magana, lokacin da nake yaron shago, ubangidana yana da kwano biyu. Ɗaya na saye daga hannun manoma, mai zurfi. Ɗaya na sayarwa, wanda aka ɗan bubbuga gindinsa ya shigo ciki, in ba ka kifa shi ba ba za ka gane ba. Da ya sallame ni na buɗe nawa shagon, na yi shekaru ina yin haka, ina ce wa kaina ai haka kasuwa take. Na daina tun kafin in je Hajji, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwargida. Ayoyi uku na farkon Suratul Muɗaffifina kuwa kamar da kwanukan nan biyu suke magana: waɗanda in sun auna daga mutane suna cikawa, in su za su aunar musu suna ragewa. Na kawo su a labarin wani, ban kawo su a nawa ba. Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan labari ina yagewa. Da na kai wa Malam, bai sa masa jan biro ba sai a wuri ɗaya, inda na ɗora laifin a kan ubangidana. Ya ce mutumin ya rasu, ba ya nan balle ya kare kansa, in faɗi nawa in bar nasa. Ya kuma ce kada in yi ta zuzuta laifin kamar ina alfahari da tuba, in faɗa a taƙaice don darasi, sannan in je in nemi yadda zan mayar da haƙƙi, ga waɗanda zan iya ganowa, sauran in yi sadaka a madadinsu. Wannan wani aiki ne daban da ba na wannan rubutun ba.

Daga nan na bi sauran labaran ɗaya bayan ɗaya. Wanda zan iya canza kamanninsa har maƙwabci ya kasa gane mai shi, na canza: mai wake ya koma mai wata haja, famfo ya ɓace, hula ta ɓace. Wanda ba zai canzu ba na cire. Waɗanda na yaba musu ma na nemi izininsu, don ɗan dakon nan mai sallah cewa ya yi kada in sa, yana tsoron riya, sai da na yi alƙawarin ba zan faɗi layin da yake aiki ba. Akwai labarin wata 'yar hatsaniya da muka yi da uwargida kan kuɗin cefane, wanda na ɗauka na yi mata adalci a ciki. Ta karanta ta ce, "Wannan na ɗaki ne, ba na kasuwa ba." Ya fita. Daga 41 muka dawo 30, kuma damina ta wuce ana wannan aiki.

Sai bugawa a kwamfuta. Na kai wani shago inda ake buga wa ɗalibai takardu, aka ce naira 150 kowane shafi. Yarinyar tana da sauri, kwana uku ta gama, amma babu ƙugiya ko ɗaya a cikin rubutun. Inda na ce mutum ya karrama baƙi sai ya zama ya karrama baki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ta ce allon kwamfutarta ba shi da waɗannan haruffa. Na biya, na ɗauki aikin na kai wa wani matashi da ya saba buga littattafan Hausa, ya bi shi kalma-kalma ya sa ɓ da ɗ da ƙ, na sake biya. Da na tambaya tun farko ko suna da haruffan Hausa, da kuɗi ɗaya na kashe. Shi ne kuma ya tsara shafukan, ya ce in yi ƙoƙari su tsaya a 64, saboda injin maɗaba'a yana buga shafuka ne a babbar takarda a naɗe, 16 ko 8 a tare, in ka haura da shafi biyu sai ka biya kuɗin takarda guda.

Maganar Larabci mun tattauna ta da Malam. Shi ra'ayinsa a taƙaita, don ƙananan littattafai irin wannan sukan ƙare a hannun mai ƙosai ko a kwata. Muka tsaya a kan fassara da lambar aya, Larabcin kuma a wuri uku kawai, inda addu'a ce da mai karatu zai so ya haddace.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake amfani da ita a duniya, ba dole ba ce ga wanda zai raba littafinsa a masallaci kawai, amma matashin nan ya ce in ina son ya shiga shagunan littattafai da makarantu gara in yi. A Najeriya Hukumar Ɗakin Karatu ta Ƙasa ce ke bayar da ita. Na rubuta takardar nema, na haɗa da shafin farko mai ɗauke da sunan littafi da na marubuci, na biya ta manhajar Remita kamar yadda ake biyan sauran kuɗaɗen gwamnatin tarayya a lokacin, na riƙe rasit ɗin. Kuɗin yakan canza, don haka ka tambaya a lokacin da za ka yi. Lamba ce mai alƙaluma 13, tamu ta Najeriya tana farawa da 978 sau biyu. A nan na fara jin cewa doka ta ɗora wa duk wanda ya buga littafi da kansa ya kai musu kwafi uku na ajiya. Tun da a Kano zan sayar, na kuma leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jiha na tambayi abin da ya shafe ni, don littattafai ma suna ƙarƙashinta. Waɗannan biyun ba su ba ni wahala ba, zirga-zirga ce kawai da kwafin takardu.

Maɗaba'a na shiga a watan Fabrairun 2023, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo. Mun yi ciniki kwafi 1,000, bango mai launi, ciki baƙi da fari, ɗinkin waya a tsakiya, a kan naira dubu 220, in ba da kashi biyu cikin uku kafin a sayi takarda. Tura kuɗin kaɗai ya ci kwana biyu, ya fita daga wurina bai shiga wurinsa ba. Da ya shiga, mai maɗaba'ar ya turo mini hoton shafukan a waya ya ce in duba in amince. Ina tsakiyar lodin mota, na zuƙo biyu ko uku da yatsa, na ce a buga. Bayan sati na je ganin aiki, na ɗauki takarda ɗaya daga tarin da aka buga, sai na ga Larabcin ya wargaje. Haruffan sun rabu da juna, kowanne ya tsaya shi kaɗai, kuma sun juya daga hagu zuwa dama. Manhajar da suka buɗe aikin da ita ce ba ta karɓi rubutun Larabci ba, yaron da ke kan injin kuma bai iya karanta shi ba. Mai maɗaba'ar ya ce ai na amince. Ba ni da bakin magana. Muka raba asarar, na ƙara dubu 25 aka sake filet, wato farantin da inji ke buga rubutu da shi, aka sake takarda, wannan karon Larabcin a matsayin hoto aka saka shi. Na ce ba za a kunna inji ba sai an fitar mini da kwafi ɗaya a takarda, na kai wa Malam ya karanta, na sa hannu a kowane shafi.

Takardun da suka lalace, guda dubu masu ɗauke da sunan Allah, mai maɗaba'ar ya ce akwai masu saye a kilo. Na ce a'a. Na ɗaure su a buhu biyu na ɗora a Adaidaita Sahu na kai gida, muka ƙona su ni da yarana a bayan gida, muka binne tokar.

Littafin ya iso hannuna saura kwana shida azumi. Masu shagunan littattafai na wajen Kurmi da masu shimfiɗa a bakin masallatan Juma'a sun karɓa, amma kusan duk da sharaɗin sai an sayar a biya, kuma kowa da nasa kason. Na sa naira 400. Wasu sun biya, wasu har yau in na je sai a ce in dawo. Kusan kwafi 300 na raba kyauta a Islamiyyu da asibiti da tasha. In aka yi lissafin kasuwa zalla, uwar kuɗina ba ta dawo duka ba, kuma ni da na saba lissafin buhu ban ji daɗin hakan ba da farko. Wanda zai shiga wannan harka ya sa kuɗin da in bai dawo ba ba zai hana shi barci ba, ya kuma fara da kwafi 500 in ba shi da masu karɓa a hannu.

In da zan sake, da abubuwa kaɗan zan canza, kuma duk a farkon tafiya suke. Ba zan tura ko layi ɗaya a waya ba sai na san inda hadisin yake, don abin da na tura a azumin 2022 yana nan yana yawo da kurakuransa, ba ni da hanyar janye shi. Zan rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, da kalmomin da mutumin ya faɗa, sannan in bar shi ya kwana biyu kafin in nemo masa aya, saboda na lura in na fara da ayar sai in riƙa lanƙwasa labarin don ya dace da ita. Wani labarin ma ba ya buƙatar dogon sharhi. Na tsohuwar nan, da Malam ya gama da shi, nasihar da ke ƙarƙashinsa ta koma layi biyu, kuma ya fi daɗin karatu a haka. Sannan zan nemi malamin da zai duba tun ina da labari goma, in ba shi lokaci, in kuma kai masa ɗan alheri ko da ya ce ba ya so.

Mai jar darar nan na same shi kafin littafin ya fito. Na ja shi bayan shago na faɗa masa abin da na rubuta a kansa a azumin da ya wuce, na nemi ya yafe mini. Ya ce ai ya gani tun a lokacin, wani ne ya turo masa. Ya yi kusan wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Da littafin ya fito na aika masa da kwafi ta hannun yarona. Ranar wata Laraba ya tsaya a bakin shagona, ya ɗauki kwanon awona ya kifa shi, ya shafa gindinsa da tafin hannu, ya ajiye, ya ce, "Alhaji, na karanta na kwano biyun nan." Sai ya tambaye ni nawa masara ta kwana.